Maganar da Na Jefe Ki da Ita a Tsakar Gida

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya mini, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'imarSa, Ya yalwata miki makwanci. Ni ce Dije, daga Takur a Dutse. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, kuma ko kina raye sai an karanta miki ita. Duk da haka zan rubuta, don na kasa zama wuri ɗaya.

Damina biyu ke nan da rasuwarki. Tun ranar Lahadi nake ta kai da komo a gidan nan. Na share tsakar gida, na sake sharewa. Na ɗauko littattafan 'yan ajina zan duba, na karanta shafi ɗaya sau huɗu ban san me ke ciki ba. Malam, maigidana, ya tambaye ni ko ba ni da lafiya, na ce lafiyata ƙalau, ya dube ni ya ɗauki hularsa ya fita.

Ga abin da ya faru. Sa'a ta dawo daga hutu a gidan Yaya Buba. Ina wanke shinkafa ta zo ta tsaya a kaina, ta ce wai a bakin rijiya wata mata ta nuna ta, ta ce ai ita ce yarinyar da yawun kakarta ya sa wa ciwon daji. Ta ce, "Adda, da gaske Inna ce ta sa mini ciwon nan?" Na ce ƙarya ne. Ta ce to wa ya fara faɗa? Sai na aike ta ta ɗauko mini gishiri, alhali gishirin yana gabana.

Ni na fara faɗa, Inna. Kin sani, na sani, Gwaggo ta sani, duk matan da ke tsakar gidan ranar sun sani. A gaban mutane na faɗa, shi ya sa nake rubuta wannan inda mutane za su karanta. Wanda ya san mu ya karanta, wanda bai san mu ba ma ya karanta. Sunanki nake so in wanke, kuma ba zai wanku ba sai na faɗi nawa laifin.

Bari in fara daga farko, saboda masu karantawa.

Sa'a ita ce 'yata ta fari. Ranar da aka yaye ta kika zo Takur da kanki, kika goye ta, kika tafi da ita ƙauyenmu na bayan Garki. Haka ake yi a gidanmu tun kakanni na bin shanu: ɗan fari na kaka ne. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Shi ma Yaya Buba a hannun Kaka ya tashi, ke ba ki taɓa kiran sunansa ba har kika koma ga Allah. Ban ga aibun abin ba. Na yi kuka a banɗaki na wanke fuska na fito. Ita kuwa ta taso tana kiran ki Inna, ni tana kira na Adda, kamar wata yayarta da ke zuwa daga birni da biskit.

Kin riƙe ta riƙon da ni ban samu ba, kuma na sha yi miki tsiya a kan haka. Ni da sanda kika raine ni, ita da man shanu. In an yanka kaza, ke za ki tauna tsokar ta yi laushi ki sa mata a baki, haka gyaɗa, haka dabino. Kullum da safe kafin ta fita wasa sai kin kama kanta da hannu biyu kin karanta abin da kika karanta kin tofa mata a goshi. In ta zille kika ce, "Tsaya nan, ja'ira, ban gama ba."

Zazzaɓi kuwa ta sha shi. Duk damina sai ta kwanta sau biyu ko sau uku, a sayo magani a kemis, ta tashi, ta sake kwantawa. Na kawo gidan sauro, kika ce zafi yake sa ta, kika ninke shi kika sa a ƙarƙashin katifa. Ban matsa ba. Wace ni in matsa a kan 'yar fari, a ce Dije ba ta da kunya?

Tana shekara bakwai na zo sunan jikan Gwaggo na biyu. Gida cike da mata. Sa'a ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa ina kallon wani wuri, yadda aka saba. Ta gefen ido na ga kuncinta na hagu an shafe shi da shuni. Na ji kina gaya wa wata cewa hangum ne, yana yawo a ƙauyen, kwana bakwai zai sauka. Raina ya ce mini in jawo ta in buɗe bakinta in duba. Na dubi matan da ke zaune, na san abin da za su ce, wai 'yar boko ta zo duba 'yarta, ba ta yarda da riƙon uwarta ba. Sai na ci gaba da shan furata. Da la'asar na hau mota na dawo Dutse.

Wannan ranar ba na son tuna ta, kuma ba ta barin ni.

Abin da ya biyo baya daga bakin Gwaggo na ji. Kwana bakwai ya wuce kumburi bai sauka ba. Haƙori ɗaya ya fara girgiɗi, aka ce ai famfara ce, shekarunta ne na zubar da haƙoran nono, har ana tsokanar ta da mai giɓi. Ba wanda ya lura cewa na can ciki ne suke motsi, turamen da ake tauna da su, waɗanda ba lokacin faɗuwarsu ba ne. Aka jiƙa ƙasar gidan zanzaro aka shafa. Aka kira wanzami ya yi tsaga ya sa ƙaho, ya ce mugun jini ne ya taru. Ba ruwa ya fito ba, ba mugunya ba. Kumburin nan kullum sai ya ƙaru, har ya fara tura idonta sama. Duk wannan ina Takur ina koyar da 'yan aji huɗu lissafi, ban yi waya na tambaya ba ko sau ɗaya, don ba a tambayar lafiyar ɗan fari kai tsaye. In na kira sai in ce yaya mutanen gidan, ki ce lafiya lau, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Sai da ta kasa haɗiye tuwo Yaya Buba ya ɗauko ta ya kawo mini. Ina dawowa daga makaranta na same su a zaure, ta lulluɓe da mayafinki. Na yaye mayafin. Inna, ban gane 'yata ba. Rabin fuskarta ya zama wani abu dabam, baki ya karkace, yawu na zuba. Ranar na kira sunanta da ƙarfi a gaban yayana, ban ma san na kira ba.

A asibitin Dutse likita ya taɓa wurin sau ɗaya ya rubuta mana takarda zuwa Kano. A can suka tsakuri naman wurin suka kai ɗakin gwaji, suka ɗebi jini, suka ɗauki hoton ciki. Kwanakin jiran sakamakon nan ban ci abin kirki ba. Da ya fito suka ce sankara ce, ta ƙwayoyin jinin da ke kare jiki daga cuta, sunanta limfoma. Suka ce irin wannan tana kama yara a ƙasashenmu masu sauro, kuma a duk sankara ba wadda ta kai ta saurin girma.

Wani matashin likita ne ya fara yi mini bayani, a tsaye a baranda, yana sauri ana kiran sa. Ba na ɗora masa laifi, ya faɗi abin da zai iya faɗa a minti biyu. Ya ce akwai wata ƙwayar cuta da ke da hannu a ciwon, ya rubuta mini haruffa uku a bayan kati, EBV. Na ce a ina ta same ta? Ya ce ta yawu ake ɗauka, kamar shan ruwa a kofi ɗaya, ko in ana tauna wa yaro abinci. Ya ƙara wasu maganganu, na ga bakinsa na motsi, amma ni na riga na tsaya a kan tauna abinci. Kin san ni, bakina ya fi hankalina sauri tun ina ƙarama. Na samu abin da nake nema. Tun ranar da na yaye mayafin nan nake neman wanda zan ɗora wa abin, wanda ba ni ba.

Bayan an sa mata ƙarin ruwan farko na bar ta da Malam na taho ƙauye ɗebo kayanta. Na sauka a Ringim na sake mota, duk hanya ina tafasa. Na iske ki a tsakar gida kina tankaɗe, Gwaggo da matan maƙwabta na zaune sun zo jin labari. Kika miƙe da rariya a hannu kika tambaye ni me likitoci suka ce. Ko gaisuwar kirki ban yi ba.

Na ce, "Sun ce yawunki ne, Inna. Abin da kike tauna mata ne ya zama wannan."

Ba haka suka ce ba. Ni na ce.

Na ɗauka za ki zage ni, ko ki ɗaga rariyar ki jefe ni, da ma kin yi. Sai kika sa gefen zanenki kika goge bakinki a hankali, kika dubi zanen, kika ce, "To." Kika shiga ɗaki kika haɗa mini kayanta a jaka, har da 'yar tsanar karan da kika yi mata. Kika rako ni bakin hanya kamar kullum. Ni kuma na tafi ina jin wai na sauke nauyi.

Watannin da suka biyo baya a hanyar Kano na yi su. Maganin nan abin mamaki ne, Inna, da kin gani. Kwana kaɗan da fara shi kumburin ya soma saɓewa, ido ya dawo wurinsa, har ta nemi a ba ta ƙosai. Amma yana da wuya. Gashinta ya zube tas, bakinta ya yi gyambo, ta yi amai har ba abin da ke fitowa. In an sallame mu mu dawo Takur, in lokaci ya yi mu koma. A ɗakin da aka kwantar da mu a asibiti akwai wata mata daga wajen Ringim, ita nata ɗan a ciki abin ya fito masa, sun daɗe suna ba shi maganin shawara kafin su zo. Muna raba tabarma ni da ita. Wata komawa da muka yi na tarar da gadonsu da wani yaron, ban tambayi kowa ba.

A nan na koyi zama uwar Sa'a. Na koyi cewa ba ta son albasa a miya, tana tsoron kyankyaso, kuma in za a yi mata allura sai ta kira Inna. Ba ta taɓa kiran Adda ba. Kullum sai ta tambaye ni yaushe za ki zo. Ina ce mata hanya ce da nisa.

Ke kuwa labarinki yana iso ni, ba zan ce bai iso ba. Gwaggo ta ce kin ware moɗarki kin ɗaura mata jan zare, kin rataye ta can sama inda yara ba sa kaiwa. Kin daina cin abinci a kwano ɗaya da jikokinki. In kin dama fura ba kya ɗanɗanawa da ludayin. Matar Yaya Buba ta haihu, aka miƙo miki jaririn, kika karɓe shi kin rufe bakinki da mayafi, aka ce ki yi masa tofi kika ce a kai wa Liman. Gwaggo ta ce, "Dije, uwarki fa ta zama baƙuwa a gidanta." Na ce mata ni yanzu ta 'yata nake. Haka na ce, Allah Ya yafe mini.

Ana saura zuwa biyu a gama magani, babbar likitar yaran ta zauna da ni a ofishinta. Mace ce mai shekaru, ba ta gaggawa. Ta tambaye ni wa zai ci gaba da riƙon Sa'a bayan an gama. Na ce ni mana, ai ba zan mai da ta wurin wadda ta sa mata ciwon ba. Ta ajiye alƙalaminta ta ce in sake faɗa. Na sake faɗa, har da ƙarin bayani, ina ji da kaina wai na san kimiyya.

Ta bar ni na gama. Sannan ta yi mini bayani, kuma zan faɗa miki shi yadda na riƙe, don naki ne, ke ya kamata a yi wa.

Ta ce ƙwayar cutar nan tana da dangi da yawa, kuma duk mun san su. 'Yar uwarta ce ke kawo ƙarambau. Wata ita ce ke fito da ƙuraje a gefen leɓe bayan zazzaɓi. Wata kuma, in garkuwar jikin mutum ta yi rauni sosai, tana iya kawo wata sankarar mai fitowa baƙi-baƙi a fata. Halinsu ɗaya, in sun shiga jiki ba sa fita, sai su kwanta su yi shiru har ƙarshen rayuwa. Ta ce wannan ta Sa'a kusan kowa a duniya yana ɗauke da ita, kuma a wurarenmu yawancin yara kafin su iya magana sosai sun riga sun ɗauka, daga uwa, daga yayye, daga abokin wasan da suka tsotsi alewa ɗaya. Yawanci ba a ma sanin ta shiga.

Ta nuna ni da alƙalami ta ce, "Kina da ita. Ni ma ina da ita. Wataƙila tun tana shan nononki ta ɗauka, ba wanda zai iya gaya miki daga wa."

Ta ce ƙwayar tana zama ne cikin waɗannan ƙwayoyin jini masu kare jiki, jikin kuma yana tsare ta ba ta yin komai. Amma in zazzaɓin cizon sauro ya yi ta kama yaro a kai a kai, tsaron sai ya yi sako-sako, ƙwayoyin jinin kuma su yi ta hayayyafa. A cikin wannan hayayyafar ne, a wani yaro can ba kowa ba, ƙwaya ɗaya take yin kuskure ta kasa daina girma. Ta ce yara nawa ne a ƙauyenku aka tauna wa nama, suka sha zazzaɓi, suka girma lafiya? Ta ce ita ma ba ta son a riƙa tauna wa yara abinci, akwai cututtukan da ke bin wannan hanyar, amma ko ba a taɓa tauna wa Sa'a komai ba da ƙwayar ta same ta. Abin da ke hannun mutane biyu ne, a tsare yaro daga sauro, kuma in muƙamuƙi ya kumbura ya ƙi sauka, ko haƙoran ciki suka fara motsi ba dalili, a kawo shi da wuri kafin a taɓa wurin da aska.

Sai ta tambaye ni wa ya fara ganin kumburin. Ba da wata manufa ta tambaya ba, cike takarda take. Na ce kakarta. Ban ce mata ni ma na gani ina shan fura ba.

Da zan fita ta ce in je in gaya wa tsohuwar nan ta kwantar da hankalinta.

Inna, ga wurin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Malam. Mutane sun ɗauka sai bayan rasuwarki na san gaskiya. Na bar su a haka don ya fi mini sauƙi. Ba haka ba ne. Na sani kina da rai, kuma na zo.

Ranar Asabar ce, bayan an cire gyaɗa. Na taho da maganar a bakina, tun daga Dutse nake maimaita ta. Na same ki ke kaɗai a inuwar ɗakinki kina ɓarar gyaɗa a faifai. Kin rame. Kika yi mini sannu da zuwa, kika kira matar Yaya Buba ta kawo mini ruwa, ke ba ki taɓa kofin ba. Na ga moɗar mai jan zare a rataye. Na zauna na ja faifan muka ci gaba da ɓara tare.

Na buɗe baki, sai na ji na tambaye ki yaya gyaɗar bana. Kika ce ta yi, sai dai ɓeraye. Na sake buɗewa, na tambayi ƙafarki. Muka yi maganar saniyar da ta ƙi cin dusa, da auren 'yar maƙwabta, da rufin ɗakin girki da ke yoyo. Kika tambaye ni jikin yarinyar, na ce da sauƙi sosai, gashi ma ya fara tsirowa. Kika ce alhamdu lillahi har sau uku. Sannan kika ce kada in kawo ta tukuna, in bari ta yi ƙwari.

Nan ne wurin. Ƙofa kika buɗe mini, kalma huɗu kawai ake nema. Amma na san in na faɗe su sai na faɗi sauran, cewa ƙarya na yi wa likitoci, cewa na ga shunin nan ranar suna na kau da kai, cewa don in tsira na jefe ki. Kuma a gidanmu 'ya ba ta zama ta dubi idon uwarta ta yi irin wannan magana. Ban san yadda ake fara ta ba, ba wanda ya taɓa yi a gabana. Zagin dai na iya shi ba tare da an koya mini ba. Sai na ce wa kaina ai ba daidai ba ne in janye a ɓoye abin da na faɗa a fili. Bari a gama maganin, in zo da Sa'a, in tara Gwaggo da matan nan, in faɗa kowa ya ji. Har na ji daɗin wannan shawarar, na ga kamar ma girmama ki zan yi.

Aka kira la'asar, na ce zan tafi kada in rasa mota. Kika ƙulle mini gyaɗa a leda kika ce a soya wa yarinyar. A bakin zaure kika kama kaina da hannu biyu, abin da rabon ki yi mini tun ina amarya. Na ji kina karantawa. Na sunkuyar da goshi ina jira. Da kika kai ƙarshe sai kika juya fuskarki gefe, kika haɗiye, kika sake ni. Kika ce in gaida Malam.

Na ga wannan da idona, Inna, kuma na hau mota.

Sati uku bayan nan, muna Kano ana sa mata ruwan ƙarshe, Yaya Buba ya kira ni da hantsi. Ya ce kin yi alwalar walaha kin zauna a kan buzu, sai kika kishingiɗa. Kafin in iso an kai ki.

Sa'a ta warke. Muna zuwa a duba ta lokaci-lokaci, kuma duk zuwan da muka yi suna cewa ba komai. Tana aji huɗu, a ajina take, tana da surutu irin nawa da taurin kai irin naki. Haƙoranta na hagu sun fito a ɗan karkace, tabon tsagar wanzami yana nan a kuncinta. A gidan sauro take kwana ko ana zafin da ya fi na bazara, a kan wannan ba na jin roƙo. Ina kiran sunanta a gaban kowa, masu cewa ba ni da kunya sun gaji sun daina.

Amma maganata tana can tana yawo ba ni. Na ji wasu matan ƙauyen yanzu ba sa barin kakanni su ɗauki jarirai, kuma da sunanki suke kafa hujja. Na gaya wa Gwaggo gaskiya, na gaya wa matar Yaya Buba, sun ce to, Allah Ya kyauta. Gyaran bai yi gudun ɓarnar ba. Don haka duk wanda ya karanta wannan, in ya san ƙauyenmu, ya kai musu: Dije ce ta ƙirƙira, ba likita ba. In kuma bai san mu ba, ya je ya buɗe bakin ɗansa ya duba, ko na fari ne, ko duk garin na kallo.

Ke kuma, Innata, na gaya wa kowa sai ke. Ga ta nan, a makare, ba Gwaggo, ba matan maƙwabta, ba faifan gyaɗa da zan ɓuya a bayansa.

Ba ke ba ce. Ba yawunki ba ne. Bakin nan ba abin da ya taɓa ba 'yata sai abinci da addu'a. Kin yi wata bakwai kina ƙyamar kanki a cikin gidanki a kan ƙaryar da na yi, sati ukun ƙarshe kuma ina sane na bar ki. Ki yafe mini. Na san da kina nan cewa za ki yi in tashi in daina shirme, ai ba a neman gafarar uwa da takarda. Amma ba kya nan, kuma ban ji kin faɗa ba.

Ya Allah, Ka gafarta wa Inna, Ka yi mata rahama, Ka haskaka kabarinta. Ka sanya baƙin cikin da na jawo mata ya zama kankarar zunubanta. Ya Allah, Kai ne Mai isar da abin da bawa ya kasa isarwa, Ka sanar da ita cewa ba ta da laifi. Ka ba wa yaran da ke kwance a ɗakin asibitin nan lafiya, Ka ba iyayensu haƙuri da bakin da ya fi nawa. Ka haɗa ni da ita a inda zan faɗa mata da kaina. Amin.

Wassalam.

'Yarki mai laifi,
Dije
Takur, Dutse